Kama Suna: Koyar da Wasan Arthur Miller na Mayun Salem a Lise a Ƙasar Kurfai

Tsakure

Takardar nan ta duba yadda za a koyar da wasan kwaikwayon The Crucible na Arthur Miller ga ɗaliban lise a Filinge da kewayenta. Wasan ya ginu ne a kan shari'ar mutanen da aka zarga da maita a garin Salem na Amurka a shekarar 1692. Ra'ayin da takardar ke karewa shi ne, ga ɗan Kurfai darasin wasan yana kan shaida: wa ake gaskatawa, da wace hujja, kuma wa ke cin riba in an gaskata shi. An auna wasan da abubuwa uku na gida: kama sunan maye, da kamun ƴan Babule na 1925, da zarge-zargen da rashin tsaro ya haifar a jihar Tilaberi.

Gabatarwa



Ban sami wannan wasa cikin jerin littattafan da aka ba ni in koyar ba. Ni na shigo da shi, a wata makarantar sakandare ta ƙasar Kurfai, ga ƴan kulob ɗin wasan kwaikwayo da muke haɗuwa da marece bayan an tashi. Kwafi ɗaya gare ni na Faransanci, wanda Marcel Aymé ya shirya aka nuna a Paris a 1954 da sunan Les Sorcières de Salem, sai ƴan shafuna na Ingilishi da nake rubutawa a allo. Ranar farko da na ba da labarin a taƙaice, wani yaro mai shirin bak ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, ashe su ma nasara suna da mayu?" Aji ya yi dariya. Wata yarinya a bencin baya ba ta yi ba. Daga baya na ji an taɓa kama sunan kakarta. Tun daga ranar na san cewa a Filinge ba a karanta wannan wasa kamar labarin wata duniya, kuma malamin da ya shiga da shi aji ba shiri zai iya fama wa wani gyambo.

Salem da abin da Miller ya yi da ita

A watan Fabrairun 1692 ƴan mata biyu a gidan limamin cocin ƙauyen Salem, Samuel Parris, suka fara faɗuwa da ihu da murɗe-murɗe. Ɗaya ƴarsa ce Betty mai shekara 9, ɗayar ƴar ɗan'uwansa Abigail Williams mai shekara 11. Da aka matsa musu su faɗi mai cutar da su, sai suka ambaci mata uku: Tituba, baiwar gidan, da Sarah Good mai bara, da Sarah Osborne wadda ta daɗe ba ta leƙa coci ba. A watan Mayu gwamna William Phips ya kafa kotu ta musamman. Kafin ya rushe ta a watan Oktoba an rataye mutum 19, mata 14 da maza 5. An danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya cika saboda ya ƙi buɗe baki a fara yi masa shari'a. Wasu sun mutu a kurkuku. Babbar hujjar kotun ita ce yarinya ta ce ta ga siffar wane ta zo tana shaƙe ta, alhali wanen yana zaune a gidansa. Wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu ya tsira da ransa. Masu tsayawa kan cewa ba su yi ba su aka kai wa igiya.

Miller ya ɗauko wannan labari ne lokacin da Amurka ke farautar ƴan kwaminis, zamanin Sanata Joseph McCarthy. An fara nuna wasan a Niyok ranar 22 ga Janairun 1953. A 1956 kwamitin majalisar wakilai mai binciken irin wannan zargi ya kira Miller ɗin kansa, ya nemi ya ambaci waɗanda suka taɓa zama taro tare. Ya yarda ya yi magana a kan kansa, ya ƙi kama sunan kowa. Aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958. Sunan wasan na nufin kaskon da maƙerin fari ke narka azurfa a ciki don datti ya fita.

Maye da wanda ya ƙulla da Shaiɗan

Abu na farko da nake warware wa ɗalibai shi ne, wanda ƴan Furitan, wato Kiristocin Salem, ke zargi ba daidai yake da mayen Bahaushe ba. A wurinsu mutum ne da ya zaɓi ƙulla alkawari da Shaiɗan, ya sa hannu a littafinsa, don haka laifinsa ridda ne da cin amanar gari, kuma alƙali ke yanke masa hukunci. Mu kuwa abin da aka taso aka ji shi ne maye yana da ƙanƙara a ciki, ko ya sha a nono ko ya saya, kuma yunwar kurwa ke damunsa. Maganarsa ba ta cika kaiwa gaban alƙali ba. Unguwa ce ke yin shari'ar, da boka ko sarkin mayu. Yaro ma yana da makaminsa, in ya tsorata da kallon wani sai ya ce kurwata kur. In malami ya cuɗa waɗannan biyu, ɗalibai ba za su gane dalilin da ya sa manyan alƙalai masu ilimi suka zauna suna sauraron ƴan yara ba.

Amma tsarin zargin ɗaya ne, kuma na gan shi da idona. Ina yaro, cikin damina, wata yarinya maƙwabciyarmu ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Dare na biyu ta fara sambatu. Mata suka kewaye ta suna tambaya: wa kike gani, wa ya riƙe ki? Suna jero mata sunaye tana juya kai, har aka zo kan wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda mijinta ya rasu kuma ba ta da ɗa namiji a garin. Yarinyar ta maimaita sunan. Kafin hantsi an jawo tsohuwar, an cire mata kallabi, an ce ta tsallake marar lafiya sau uku ta saki kurwarta. Ina tuna yadda take riƙe bakin zanenta da hannu biyu, tana rantsuwa da Allah, tana duban fuskokin matan da ta yi wa wankan jego ko za a sami mai cewa a dakata. Ku dubi tarkon da aka ɗana mata. In ta tsallake, ta amsa. In ta ƙi, mugunta ce ta hana ta. In yarinya ta warke, ai don ta saki ne. In ta mutu, ta cinye. Ta tsallake. Yarinyar ta warke bayan an kai ta likita an yi mata allurai, amma daddawar tsohuwa ba ta ƙara samun mai saye ba, jikokinta mata kuma sai a wani gari suka yi aure.

A yau mun san zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau da ke zuwa mana lokacin zafi, suna sa sambatu. Ba na buɗe darasi da wannan, don ɗalibi zai ɗauka mushe ya zo ya ƙaryata iyayensa, sai ya kulle kunnensa. Ina barin wasan ya yi aikinsa. A cikinsa akwai Ann Putnam, matar da ta binne jarirai bakwai. Da na ce wa aji mu mai wabi muke kiran irin wannan mata, sai kowa ya nutsu, don ba wanda bai san wata mai wabi ba. Baƙin cikinta na gaskiya ne, in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba. Wannan baƙin cikin ne yake neman wuyan da zai rataya a kai, ya sami na Rebecca Nurse, dattijuwar da gari ya shaida da kirki. Ɗalibai suna tausaya wa mai zargi da wadda aka zarga a lokaci guda, kuma a nan ne tunani ke farawa.

Shikal, 1925

Ƙasar Kurfai tana da nata labarin da ya fi kowane kusa da Salem, sai dai a birkice yake. A 1925 wasu sababbin iskoki suka hau wata mata mai suna Shibo a Shikal, suka bazu cikin matasa. Hausawa suka kira su Babule, Zabarmawa suka ce Hauka. Waɗanda suka hau suna tafiya irin ta soja, suna ba da oda, suna wasa da wuta, suna kwaikwayon gwamna da kumandan da kafaran. Masanin tarihi Finn Fuglestad ya nuna a maƙalarsa ta 1975 cewa abin ya haɗu da ƙin jinin sarautar da Faransawa suka ɗora wa Kurfayawa a hannun Gado Namalaya, da ƙin lanho da aikin tilas. Sarkin ya kai ƙara. Kumandan Horace Crocicchia na Yamai ya sa aka kamo su, kimanin sittin bisa ruwayar da aka ba mai shirya fim Jean Rouch, aka kai su Yamai a ɗaure, aka kulle su kwana uku ba abinci, aka dinga marinsu har sai kowa ya furta cewa babu wata Hauka. Daga baya an kori wasunsu daga ƙasar. Iskokin suka bi ƴan ci-rani har Gwalkwas, inda Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Akara a 1954. Shi kansa kumandan ya koma iska a cikin jerin, ana kiransa Kumandan Mugu.

A Salem masu faɗuwa su ne masu ƙara, hukuma tana bayansu. A Shikal masu faɗuwa su ne a sarƙa. A can an ce ka furta akwai Shaiɗan a cikin lamarinka ka rayu. A Yamai an ce ka furta babu iska a kanka a sake ka. Ina ajiye waɗannan biyu gefe da gefe a allo, in tambayi aji mene ne ya haɗa su. Ba su daɗe suke ganowa: a duka biyun mai iko ya riga ya rubuta amsar, bakin wanda aka kama kawai yake so ta fito. Furucin da aka samu da yunwa ko da tsoron igiya bai faɗi komai a kan iska ko Shaiɗan ba, ƙarfin mai tambaya kawai ya nuna.

Ina jan hankalin abokan aiki a nan. Yawancin ɗalibanmu na yau suna kallon bori a matsayin shirka, wasu kuma jikokin waɗanda aka ɗaure ne. Darasin bai buƙaci kowa ya yabi bori ko ya zage shi ba. Abin da na gani shi ne, yaro da ya ji an ambaci Shikal a darasin adabi, garin da yake zuwa hutu, zamansa a benci ma canzawa yake. Da yawansu ba su taɓa jin sunan Shibo a makaranta ba.

A cikin aji

Dabarar da ta fi yi mini aiki mai sauƙi ce. Ina raba allo gida uku: wanda ya yi zargi, abin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa, sai abin da zai samu in an hukunta wanda ya zarga. Muna bin fitowa ta biyu da ta uku muna cikawa. Gidan tsakiya yakan zauna kusan fayau. Ƴar tsanar da aka samu da allura a gidan Elizabeth Proctor ita kaɗai ce abin riƙewa a hannu, kuma mai karatu ya san mai aikin gidan, Mary Warren, ce ta ɗinka ta a zaman kotu, Abigail na zaune kusa da ita. Gida na uku kuwa cika yake yi: Abigail na son mijin Elizabeth, Parris na tsoron rasa limanci, Thomas Putnam na hangen gonar maƙwabcinsa, alƙali Danforth kuma ba zai iya sakin na yau ba tare da amsa cewa na jiya an rataye su a banza ba. Ɗan manomin Dallol Boso ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan rikicin iyakar gona.

A irin wannan zama ne wani ɗalibi da ke karatun Risala a zaure ya ce, a fiƙihu ai mai da'awa ne ke kawo hujja, wanda ya musa rantsuwa ce a kansa, to me ya sa a nan wanda aka zarga ake nema ya wanke kansa? Wata ta kawo hukuncin ƙazafi a Suratun Nur, shaidu huɗu ko bulala tamanin ga mai ƙage, da ƙagen da aka yi wa Nana A'isha. Wani ya tuna umarnin Suratul Hujurat na a binciki labari kafin a ɗauki mataki. Ban shirya wannan ba, su suka kawo, kuma tun daga nan nake gina darasin a kansa. Yana amsa tsoron da wasu iyaye suka nuna mini, cewa wasan yana sukar addini. Ina ƙara musu da cewa a Salem ma malaman addini na cikin waɗanda suka taka burki: a watan Oktoban 1692 Increase Mather, shugaban kwalejin Harvard, ya gabatar da rubutu yana sukar dogaro da ganin siffa a matsayin hujja. A 1697 ɗaya daga alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a coci aka karanta neman gafararsa a gaban jama'a.

Akwai wurin da ba na bin Miller. Ya ɗaga shekarun Abigail daga 11 zuwa 17, ya rage na John Proctor, mijin Elizabeth, daga wajen 60 zuwa talatin da ƴan kai, ya ƙirƙiro alaƙa tsakaninsu, sai ya zama duk masifar garin daga sha'awar budurwa ta taso. Shi da kansa ya faɗi cewa ya canza shekarun. A ajin da ƴan mata ba su da yawa, kuma kowace sai da ta tsallake maganar aure kafin ta kai lise, in aka bar wannan haka, abin da samari za su tafi da shi gida shi ne kaidin mata. Dole malami ya rubuta shekarun gaskiya a allo, ya tambaya: yarinya ƴar shekara 11 ce ke sa hannu a takardar rataya, ko manyan maza masu kujera?

Na yi kuskure ɗaya da nake so kada wani ya maimaita. Shekarar farko na sa aka kwaikwayi wurin da ƴan matan ke ihu a kotu suna cewa suna ganin tsuntsu. Kowa a nan ya san faɗuwar ƴan mata a makarantunmu, abin da ake cewa aljanu ne, wanda Adeline Masquelier ta yi rubuce-rubuce a kai. Akwai yarinya a makarantar da ta taɓa faɗuwa. Washegari samari suka laƙaba mata Abigel, ta yi sati ba ta zo ba, sai da na je gidansu na ba mahaifinta haƙuri. Yanzu wannan wurin karanta shi muke yi a zaune. Matsayi kuma ƙuri'a ake jefawa kowace rana, ba wanda ke riƙe ɗaya har ya zame masa laƙabi. Na fi kula da na Tituba. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, amma har yau ana gorin asali, kuma malami ba ya sanin wanda kalmar baiwa za ta soka a ajinsa.

Zamanin da muke ciki

A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan Tilaberi, har da Abala da ke arewa da mu, kuma ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar. Cikin ɗalibaina akwai waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukansu. Ba ni nake kawo maganar ba. Da mun zo inda Giles Corey ya ƙi faɗin wanda ya ba shi labari don kada a kama shi, sai wani ya ce a hankali, haka ake yi yanzu. Suna nufin mutumin da aka ce yana kai wa ƴan bindiga labari, ko aka ce yana kai wa soja, ba wanda ya gani, sai an ce. Wani lokaci harshen da yake magana da shi ko garken da yake kiwo shi ne duk hujjar. Harin gaskiya ne, masu kai labarin ma akwai su, kuma a nan lamarinmu ya bambanta da na Salem. Ina faɗa wa ɗalibai haka ƙarara. Samuwar mai laifi a gari ba ta tabbatar da laifin wanda aka nuna ba, gidan tsakiya na allo yana nan yana jiran a cika shi. Doka ɗaya na kafa don tsaron kowa: a ajin nan ba a ambatar sunan mutum, ko ƙauye, ko ƙabila. Mai son misali ya ɗauko daga Salem.

Harshe

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko kafin haka, muhawarar ajina da Faransanci take farawa, in ta yi zafi ta koma Hausa. Fassara wasannin waje ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare Daren Sha Biyu. Muna kuma da hanyar Yazi Dogo da ƙungiyoyin samariya, wadda Janet Beik ta nazarta a littafinta na 1987: a yarda a kan ƙashin labari, ƴan wasa su sa masa nama da bakinsu. Ita muke bi a kulob, fitowa bayan fitowa, wata ɗaliba tana rubuta abin da ya zauna. Bugawa ko nunawa ga jama'a sai da izinin masu haƙƙin wasan, don Miller ya rasu ne a 2005.

Hausa ta ba mu abin da Faransanci bai ba mu ba. Proctor ya yage takardar amsa laifinsa ne don za a kafa ta a ƙofar coci ɗauke da sunansa, ya zaɓi igiya. Kalmar suna a bakin Bahaushe tana ɗauke da ragon suna, da ɓata suna, da kama suna, kuma an ce suna linzami ne. Ɗalibai ba su nemi bayani a wannan wurin ba. Inda muka cije shi ne kalmar da kotun Salem ke nema daga wanda aka kama. A wurin Danforth abu ɗaya ne amsa laifi gaban alƙali da tuba gaban Allah. A Hausa biyu ne, kuma ɗalibai sun rabu: masu karatun zaure sun ce in an sa tuba an ba alƙali abin da ba nasa ba, sauran sun ce ai wannan ƙwacen shi ne ainihin abin da alƙalin ya yi, don haka tuba ɗin ce daidai. Mun bar gurbin a buɗe a fitowa ta huɗu. Littafin rubutun yana cikin jakata, kuma ina roƙon malaman fassara da na fiƙihu da ke zauren nan su duba mana shi bayan an tashi.